Hanyar Ƙafa a Cikin Gonar Mutane: Abin da Na Gani a Karkarar Ingila

Tun da na dawo Katsina daga ziyarar makonni biyar da na kai wa ɗana da iyalinsa a birnin Sheffield, tambayoyin da ake yi mini a majalisarmu ta bayan La'asar ba su wuce uku ba: ko na shiga Landan, ko na ga fadar sarkinsu, da kuma nawa ake sayar da agogo da turare a can. Na shiga Landan, na kwana biyu, na sha cunkoso da tsada, na fito. Abin da har yanzu yake dawo mini a rai shi ne wata 'yar ƙofar katako da ke bakin gonar wani mutum da ban sani ba, a wani ƙauye da ake kira Edale, da yadda muka buɗe ta muka shige ba tare da mun yi wa kowa sallama ba.

Ranar wata Asabar ce a cikin watan Yuni. Muka hau jirgin ƙasa daga Sheffield, ni da ɗana da jikata 'yar shekara bakwai, kuma cikin kamar rabin awa gidaje suka ƙare, jirgin ya ratsa wani dogon rami a ƙarƙashin tudu, ya fito da mu cikin wani kwari shar da ciyawa wanda tuddai suka kewaye. Kafin mu bar gida yaron ya dubi ƙafata ya ce, "Baba, wannan takalmin ba zai kai ka ko'ina ba, ka bari in ba ka nawa." Na ce masa da irinsa na yi shekara talatin ina zaga makarantun ƙauye, daga Rimi har Mani, bai taɓa ba ni kunya ba. Ya yi shiru irin na ɗan da ya san abin da ke gaba.

Da muka bar tasha muka ɗan taɓa tafiya, sai ya nufi wata ƙofa da ke jikin katangar duwatsu, ya sa hannu zai buɗe. A bayan katangar tumaki ne ke kiwo, can gaba kuma ga gidan manomi da motarsa ta noma a ajiye. Na ja na tsaya, na ce, "Kai, gonar wa za ka shigar da ni?" Wanda ya tashi a gidan noma ya san cewa ratsa gonar mutum da damina magana ce da takan kai gaban mai unguwa. Sai ya nuna mini wata 'yar alama mai kibiya ruwan ɗorawa da aka kafe a jikin gungumen ƙofar, ya ce wannan kibiyar tana nufin hanyar ƙafa ce ta jama'a, gonar ta mai ita ce, amma hanyar ta kowa ce, kuma shi kansa mai gonar ba shi da ikon toshe ta.

Daga baya na zauna na bi diddigin lamarin, domin ya ɗaure mini kai. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, kuma kowace ƙaramar hukuma mai kula da hanyoyi tana riƙe da taswirar da doka ta amince da ita, wadda ke nuna inda kowace hanya ta bi. Kibiya ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma tana halatta doki da keke. Idan hanya ta ratsa tsakiyar gona, manomi yana iya yin huɗa a kanta, amma wajibi ne ya gyara ta ya mayar da ita fili cikin kwana 14. Shi ma mai wucewa da nasa nauyin: ya tsaya a kan hanya, ya bar ƙofa yadda ya same ta, ya riƙe karensa kusa da tumaki, kuma ya kwashe shararsa ya tafi da ita. Ina jin wannan bayani sai burtali ya faɗo mini a rai. Mu ma kakanninmu sun san hikimar ware hanya a tsakanin gonaki wadda ba ta kowa ba, sai dai tamu an fi yin ta domin shanu, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san yadda ake gutsurar ta kunya ɗaya bayan ɗaya, har ta zama sa biyu ba sa iya jerawa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa masu ƙasar Ingila ne suka wayi gari suka ba talaka wannan dama don kirki. Babban tudun da ke kallon Edale daga arewa, wanda ake kira Kinder Scout, tsayinsa mita 636, a da an killace shi ne domin manyan mutane su riƙa harbin wani tsuntsu mai kama da fakara na 'yan kwanaki a shekara, ma'aikatan masaƙu da maƙeru na Mancesta da Sheffield kuwa sai dai su hango shi daga nesa. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, wasu matasa kimanin 400, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Benny Rothman, suka hau shi da gangan, suka yi arangama da masu gadin dajin, aka kama wasu, aka ɗaure biyar daga cikinsu na 'yan watanni. Ɗaurin ya jawo musu tausayin jama'a fiye da yadda hukuma ta zata. A 1949 majalisa ta yi dokar kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, a 1951 wannan yanki da ake kira Peak District ya zama na farko a cikinsu, sannan a shekara ta 2000 aka yi wata dokar da ta ba mutane damar yawo a kan tuddai da filayen da ba a nomawa ko da babu hanya. Duk da haka, filin da wannan dama ta shafa bai wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, kuma har gobe akwai masu fafutukar a faɗaɗa shi.

Mu dai ba Kinder Scout muka hau ba, domin ya fi ƙarfin gwiwata. Wani tudu muka nufa a kudancin kwarin mai suna Mam Tor, mai tsayin mita 517. Ba mu kai rabi ba yayyafi ya sauko, ba tare da hadari ko iska ko wata sanarwa irin ta ruwan ƙasarmu ba. Ƙasar ta zama taɓo mai santsi kamar sabulu, takalmina na fata ya fara tafiya inda ban aike shi ba, kuma a wani gangare na zauna daɓas ba da niyya ba, farar shaddata ta koma kalar kunun kanwa. Jikata ta yi dariya har da riƙe ciki. Wata tsohuwa da ta haura shekara saba'in, da sandunanta biyu da rigar ruwa, ta tsaya ta tambaye ni ko na ji ciwo, ta ce gaba kaɗan hanyar shimfiɗe take da duwatsu, sannan ta wuce ni kamar ina tsaye. Wannan ma abin lura ne: mutanen da a cikin birni ba sa ko kallon juna, a kan tudu kowa gaishe ka yake yi.

Daga ƙoli ana ganin kwari biyu a lokaci guda, da garin Castleton a ƙasa, da katangun duwatsu da suka yanka tuddai gida-gida. Waɗannan katangu babu siminti ko laka a jikinsu, dutse ne kawai aka ɗora bisa dutse da gwaninta, kuma da yawansu sun haura shekara ɗari biyu a tsaye. Su ne makiyayan ƙasar, shi ya sa za ka ga tumaki ɗaruruwa babu yaro ko ɗaya a bayansu, sai dai fenti ja ko shuɗi a gadon bayansu da ke nuna mai su. A gefen tudun akwai wata tsohuwar hanyar mota da zaftarewar ƙasa ta yi ta karyawa har hukuma ta haƙura da ita a 1979, yanzu kwaltar tana nan a tattare kamar tabarmar da aka taka. A can sama, bayan wani dutse da ya kare mu daga iska, muka yi alwala da ruwan gora, muka duba alƙibla a waya, muka yi Azahar. Masu wucewa suka kauce suka ba mu wuri, babu wanda ya tsaya kallo.

Mako guda bayan haka muka je Chatsworth, gidan sarautar zuriyar Cavendish, masu riƙe da sarautar Duk (wato Duke, wata babbar sarautar gado ta Ingila) na Devonshire, waɗanda suka mallaki wurin tun 1549. Gida ne mai ɗakuna sama da ɗari, cike da zane-zane da gumaka da kayan azurfa, amma ni lambun ya fi burge ni, musamman wani maɓuɓɓugin ruwa da mai kula da lambun, Joseph Paxton, ya gina a 1844. Babu injin da ke tura ruwan. An haƙa tafki ne a kan tudun da ke bayan gidan, nauyin ruwan da ke gangarowa ta bututu shi ke cilla shi sama fiye da tsayin dogon gini. Na tambayi kaina abin da zai sa masu irin wannan daula su bar baƙi su riƙa tattaka musu falo. Amsar ita ce haraji. Da Duk na goma ya rasu a 1950, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin 100 na dukiyar a matsayin harajin gado, sai da magada suka sallama filaye da kayan tarihi da wani babban gidansu mai suna Hardwick kafin su fita. Tun 1981 wata gidauniya ce ke tafiyar da Chatsworth, kuɗin tikiti da na shayi da na ajiye mota su ke gyara rufi. Kuma Duk na goma sha ɗaya, a bikin cika shekara 70 da hawan Kinder Scout a 2002, ya tsaya gaban jama'a ya nemi afuwa kan abin da aka yi wa waɗancan matasa a zamanin kakansa. Shiga gidan da lambun yana da tsada, tikitin babba ya haura fam 20 nesa ba kusa ba, amma makeken filin da ke kewaye, da barewarsa da kogin da ya ratsa shi, kyauta ne ga mai ƙafa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan wurare suna hannun ƙungiyoyi biyu ne. National Trust, wadda mutum uku suka kafa a 1895, cikinsu har da wata mata mai suna Octavia Hill, ba ta gwamnati ba ce, tana da mambobi sama da miliyan biyar masu biyan kuɗin shekara, kuma ita ke riƙe da Mam Tor da Kinder Scout a yau. English Heritage kuwa tana kula da kufai da ganuwoyi da wuraren tarihi sama da 400. Yawancin tsofaffin da za ka gani tsaye a ɗakuna suna yi wa baƙi bayani 'yan sa kai ne, ba a biyan su ko sisi. Ina sauraron ɗaya daga cikinsu ina tunanin 'yan fansho nawa ne a Katsina da suka san tarihin Gobarau da Durɓi ta Kusheyi ciki da bai, waɗanda da an ba su kujera da inuwa da sun yi wannan aiki da murna.

Stonehenge kuwa, da'irar manyan duwatsun nan da mutanen dā suka kakkafa a tsaye, wadda ta yi suna a hoto, na je ne don kada a ce ban je ba. Tafiyar kusan awa huɗu ce a mota daga Sheffield zuwa yankin Wiltshire. Aikin ya cancanci mamaki: an fara shi kimanin shekara 5,000 da suka wuce, manyan duwatsun kowanne yakan kai tan 25, ƙananan kuma an jawo su ne daga tuddan Preseli na Wales, nisan kimanin mil 150. Amma za ka biya kuɗi mai yawa, a ɗauke ka a bas daga wurin tarbar baƙi, ka zaga duwatsun daga bayan igiya cikin taron masu ɗaukar hoto, ka fito. A shawarata, wanda ya kai can ya ƙara gaba kaɗan zuwa Avebury, inda da'irar duwatsun ta fi faɗi har ƙauye ya zauna a cikinta, ba a biyan kuɗin shiga filin, kuma kana iya dafa dutsen da hannunka tumaki na kiwo a gindinsa. Ƙauyukan Cotswolds da muka ratsa a hanyar dawowa, irin su Bibury, suna da kyau da gidajensu na dutse mai kalar zuma da arzikin ulu ya gina, sai dai motocin 'yan yawon buɗe ido sun yi musu yawa.

Wanda zai fita irin wannan yawo ya tafi da guzurinsa, domin naman halal yana da wuyar samu a ƙauye, kuma sau da yawa gidan giya ne kaɗai wurin cin abinci. Surukata takan cika mana kula da dafa-duka da filas na shayi mai citta, idan kuma ta kama sai mu sayi kifi da soyayyen dankali bayan mun tambayi irin man da aka soya su da abin da aka kwaɓa fulawar da shi. Motocin haya na ƙauye suna ƙaranci ranar Lahadi, manyan gidajen tarihi sukan rufe wajen ƙarfe biyar ko da rana na tsaka, wasu kuma ba sa buɗewa sosai a cikin hunturu. A watan Yuni Magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka yini yana da tsawo, ana iya fita bayan Azahar a yi tafiya mai nisa a dawo da haske.

Ba mu samu zuwa yankin tafkuna na arewa maso yamma ba, ba mu kuma kai ga ganuwar da sarkin Rum Hadiriyan ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 ba, mai tsawon mil 73, wadda nake son in gwada ta da ido da abin da ya rage na ganuwar Katsina. Mun bar su sai zuwa na gaba idan Allah ya kai mu. Kafin in taho na sayi takalmin hawan tudu mai kauri da rigar ruwa, na bar su a bayan ƙofar ɗana, kusa da nasa.