Daga Kano zuwa Powai: taron masu sauƙaƙa wa mutane na'ura

Gajiyar hanya ba ta gama sakina ba, amma gara in rubuta tun abin na da zafi, kafin takardun jarrabawar ɗalibai su binne ni. Indiya na je, wajen India HCI, taron shekara-shekara na masu binciken yadda mutum ke mu'amala da kwamfuta da waya. Su ne masu tambayar idan tsoho ya kasa cire kuɗinsa a ATM, laifinsa ne ko laifin wanda ya tsara allon. Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta ƙasar ce ke shirya shi, ana zagayawa da shi gari-gari, wanda na je kuma, a farkon Nuwamban 2024, ya faɗo IIT Bombay, babbar makarantar fasaha da ke unguwar Powai a Mumbai.

Maganar biza da tikiti na bar ta, kowa ya san wahalarta. A jirgi dai na lura 'yan uwanmu da yawa marasa lafiya ne da masu jinyarsu. Kusa da ni wani dattijo ne daga Gusau, ɗansa zai kai shi a duba masa ƙoda. Wayarsa ta fi tawa tsada, amma bai yi boko ba, sai allo da ajami. Na ce, "Baba, yaya kake gane wanda za ka kira?" Ya ce, "Ɗana, ai kowa da fuskarsa. Wanda bai sa hoto ba kuwa, na riƙe wutsiyar lambarsa." Saƙon murya kawai yake turawa, kuma da shi yake juya cinikin hatsi na miliyoyi.

A inda muka yada zango ne wani jami'i ya ɓata mana rai. Ya ɗauki katina na rigakafin shawara da yatsu biyu, ya juya shi gaba da baya, ya ce wane asibiti za ni. Na ce taron masana za ni. Ya yi wata dariya ta raini, ya ce in koma gefe, masu wasu fasfunan suna ta wucewa ba a ko ɗaga kai a dube su ba. Har na fara ɗaga murya, dattijon nan ya dafa ni ya ce, "Ƙyale shi, kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Mumbai ta tarbe mu da zafi mai gumi, irin na Legas. Fitilun bikin Diwali ba a gama sauke su ba, ga fostocin 'yan takara ko'ina saboda zaɓen jihar Maharashtra na 20 ga wata. Abin da ya fara sa ni murmushi shi ne A Daidaita Sahu a mahaifarsa. Bajaj ɗin nan dai da muka sani, sai dai baƙi da rawaya, da iskar gas yake tafiya, kuma da mita. A lokacin, daga rufi 23, kuɗin ƙasar, mitar ke farawa, rufi ɗaya kuwa wajen naira 20 ne a canjin da na yi. Ba ciniki, ba "Malam matsa a sa mutum ɗaya", ba wanda ake cusawa kusa da direba. Amma fa hon! Mu da ake cewa direbobin Kano ba su da haƙuri, a je a ji na can. Har a bayan manyan motoci an rubuta a danna hon.

Makarantar gari ce guda, a bakin tafki. An kafa ta a 1958 da taimakon Tarayyar Sobiyet. Ga allunan gargaɗi cewa akwai kadoji a tafkin, ɗalibai kuma suka ce damisa kan shigo daga gandun dajin Sanjay Gandhi da ke maƙwabtaka da su, suna faɗa suna dariya. Shanu na yawo tsakanin azuzuwa ba makiyayi, ba mai cewa kul. Sashen da ya karɓi baƙuncinmu shi ne makarantarsu ta zane da tsara kaya, IDC, wadda aka buɗe a 1969. Tsohon ɗalibinta ne, D. Udaya Kumar, ya zana alamar rufi da gwamnati ta zaɓa a 2010, kuma ba sa barin baƙo ya tafi bai ji wannan ba.

To, taron kansa. Na saba a irin waɗannan tarukan ka ji mutum yana bayani a kan matsalar mutanen Landan ko Kalifoniya, don a can ake son a buga aikinsa. A nan kusan duk wanda ya hau mumbari mutanen ƙasarsa yake magana a kai: manomi, ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, direban haya, makaho, tsohuwar da jikanta ke danna mata waya. Malaman jami'a, ma'aikatan kamfanoni da ɗalibai duk a zaure ɗaya, yarinya 'yar digirin farko ta miƙe ta ƙure farfesa da tambaya, shi kuma ya tsaya ya amsa ba tare da ya tambaye ta waye malaminta ba. Na tuna yadda ake yi a wajenmu, na yi shiru.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne maganar rubutu. Tsarin mulkinsu ya lissafa harsuna 22, da yawansu kowanne da baƙaƙensa. Takardar kuɗinsu ma, ban da Hindi da Turanci, an jera adadinta da harsuna 15 a bayanta. Mu kuwa ajami guda ɗaya a jikin naira ya zama abin rigima, har aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Wani ɗalibi ya nuna mini Swarachakra a wayarsa, kibod ɗin da Farfesa Anirudha Joshi da mutanensa suka ƙera a wannan sashe. A rubutunsu wasali manne wa baƙi yake yi, ta sama ko ta ƙasa ko ta gefe, don haka kibod ɗin Turanci azaba ne gare su. A wannan kuwa, da ka taɓa baƙi sai wata da'ira ta buɗe kewaye da yatsanka ɗauke da duk wasulan da za su iya hawa kansa, ka ja yatsa zuwa wanda kake so. An jera baƙaƙen ne yadda yaro ke haddace su a makaranta, ba sai an koya maka inda suke ba. Shekaru suka yi suna gwada shi a hannun mutane, suna ƙirga kuskure, suna gyarawa. Na nuna masa namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ya ce, "Su ke nan?" Na ce kusan su ke nan, kuma har yau yawancinmu zubar da su muke yi. Gboard, kibod ɗin Google, na da Hausa, amma mutum nawa ne a Kantin Kwari suka san lungun da aka ɓoye ta?

Sai maganar murya, wadda suka daɗe a kanta. Ana ta ambaton aikin Indrani Medhi a Bangalore kan manhajar da babu rubutu a cikinta sam, sai hoto da magana, da Avaaj Otalo, inda manoman Gujarat ke kira su bar tambaya wasu manoman su amsa. Wanda ya fi burge ni CGNet Swara ne, da tsohon ɗan jaridar BBC Shubhranshu Choudhary ya fara a 2010 a jihar Chhattisgarh. Filashin kawai za ka yi, na'ura ta kira ka, ka faɗi labarin ƙauyenku ko ka saurari na wasu. Mu da muka ƙware a filashin, muka kuma tashi da rediyo a kunne, ban ga abin da ya hana a yi mana irinsa da Hausa tuntuni ba.

Ba komai ne ya yi mini ba. Da Turanci aka yi taron daga farko har ƙarshe, ana magana a kan mutanen da ba sa jin Turanci, kuma ban ga manomi ko ɗaya a zauren ba sai a hoto. Wata mata ta taɓo abin da ya fi wannan ciwo. Ta ce duk tsare-tsaren nan an gina su ne a kan waya ɗaya mutum ɗaya, alhali a gidaje da yawa wayar ta miji ce, lambar sirrin da banki zai turo wa matar a hannunsa za ta sauka. Aka ɗan yi musu, lokaci ya ƙare, aka tafi shan shayi. Da a Dawakin Tofa ta yi binciken, abin da za ta samo ke nan.

Ni ɗan aikina a kan masu POS ne, na manna shi a allo na tsaya gefe. Da na zo kan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sai na ga suna kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane e ne ko a'a. Ashe sun riga mu shan wannan. Ranar 8 ga Nuwamban 2016 Firaminista Modi ya fito da dare ya soke takardun rufi 500 da 1,000, ranar ma ta zagayo muna cikin taron. Bambancin shi ne a shekarar ce suka ƙaddamar da UPI, tsarin tura kuɗi daga banki zuwa banki ta waya, wanda a watan Oktoban 2024 kaɗai aka yi hada-hada sama da biliyan 16 da shi. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne jin cewa mu biya muke yi a ba mu kuɗinmu a hannu.

A bakin ƙofar makarantar na ga yadda abin ke aiki, wajen wani mai shayi. Rabin kofi rufi 10, da citta da madara, ya fi namu kauri amma kurɓa uku ne, ba burodi ba ƙwai. Kowa ya sha sai ya haska lambar QR da waya ya yi gaba. Mai shayin bai ko waiwaya, domin akwai wata 'yar sifika a kan teburinsa da ke faɗin adadin da ya shigo da babbar murya, da harshensu. Hannunsa na kan tukunya, kunnensa na kan kuɗi. Na tuna 'yan kasuwarmu da ke tsare mutum "sai alat ya shigo", da waɗanda aka cuta da alat na bogi, da dattawan da sai sun nemi yaro ya karanta musu. Wanda ya yi tunanin sifikar nan ya zauna kusa da mai shayi ya ga hannunsa a jiƙe yake. Ni da ba ni da asusun bankinsu, takardar 500 na miƙa. Ba canji. Ya ɗaga hannu ya ce in kawo gobe, bai san sunana ba, bai san inda na sauka ba.

Abincin taro kuwa ganye ne da wake, shinkafa da miyar dal da gurasa, da daɗi amma Bakano ba ya jurewa. Ko a kanti, ɗigon kore a jikin leda na nufin ba nama a ciki, wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Wani ɗalibi Musulmi ɗan Haidarabad ya lura da yadda nake juya cokali, ya ce in shirya da yamma. Muka hau jirgin ƙasa daga Kanjurmarg. Ba kai kake shiga ba, shigar da kai ake yi, kuma ƙofa a buɗe ake tafiya. Ya kai ni titin Mohammed Ali, muka yi magariba, muka zauna wa biryani da tsiren ɓauna, tunda jihar ta hana yanka shanu. Na zura hannu aljihu ya riƙe ni, ya ce baƙo ba ya biya a garinsu. Da na ba shi labarin yadda ake fassara finafinansu da Hausa, da yadda iyayenmu mata suka haddace waƙoƙinsu ba su san ma'anarsu ba, sai da ya kira mahaifiyarsa a waya ya ce in maimaita mata.

A kasuwar Crawford da layukan yadi na kusa da ita ne na rama. Mayafi aka ce mini rufi 1,500. Na taya 400, na juya zan tafi, aka jawo ni, aka kawo shayi, muka daidaita a 600. Mai shagon ya tambayi ƙasata, da na faɗa ya ce shi ya sa. Turare da kayan ƙamshi da araha, amma kayan lantarki ban ga sun fi na Farm Centre sauƙi ba. Kallon ƙurilla dai sai haƙuri, da masu neman a yi hoto da kai ba gaira ba dalili, da jan yawun ganyen da suke taunawa a jikin bango, wanda ya sa na daina ganin laifin masu cin goro.

Na leƙa hubbaren Haji Ali da ke cikin teku, wanda ruwa kan rufe hanyarsa idan ya cika. Na ga Ƙofar Indiya, cunkoso ne da masu hoto. Washegari na biya mai shayi bashinsa na kama hanyar filin jirgi.

A Afirka muna da irin wannan taro, AfriCHI, an fara a Nairobi a 2016, aka yi na biyu a Windhoek a 2018, amma malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ina zai ga kuɗin jirgi? Indiyawan nan jirgin ƙasa ɗalibansu ke hawa su zo, shi ya sa kowace shekara suke haɗuwa, na bara ya ga inda na bana ya kai aikinsa. Da na dawo na samu shugaban sashenmu na ce mu gwada na yini guda, Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, a yi rabinsa da Hausa, a gayyato masu POS da masu gyaran waya su zauna a gaba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, sannu da hanya. Ka kawo shi a rubuce, da kiyasin kuɗi."