Wilin gaba ya tsaya, saura na baya

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, ga inda na kwana da tsohuwar Honda C70 ɗin nan da na gada a zauren kawuna. Mako uku ke nan ina fama da wilin gaba, kuma jiya da la'asar ya juya sumul.

Bari in fara da wautar da na tafka, don kada wani ya maimaita. Ranar farko, da na ga tsatsa ta ci sifok ɗin, wato siraran ƙarafan da ke haɗa bakin wili da cibiyarsa, har wasu sun zama kamar tsinken tsire, sai na ɗauko filaya na datse su duka talatin da shida. Ban ɗauki hoto ba, ban kuma ɗora katako a kan tukunyar birki na auna tazararta da bakin wili ba. Wannan awon shi ne ke gaya maka inda wili zai zauna a kan cibiyarsa. Da na kai wa Baba mai gyaran keke na bakin layinmu tarkacen a buhu, ya leƙa ciki, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ka yanka rago kafin ka tambayi mai shi." Sai da na bi wani maƙwabci mai irin babur ɗin, na tsuguna da ma'auni a gindin nasa.

Mako na biyu ya tafi a wanki: kananzir, samfefa, sabon boris, giris. Ba abin labari.

Saƙar sabbin sifok ce ta sha ni. Sifok ɗin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a ido ka rantse ɗaya ne. Goma sha takwas na ciki, goma sha takwas na waje, kuma lanƙwasar wuyansu ta bambanta. Na cikin ake fara zurawa, don in ka sa na waje tukuna sun tare hanya. Ramukan wili su ma kowanne da inda ya kalla: wani hagu, wani dama, wani gaba, wani baya, tsarin yana maimaituwa bayan kowane rami huɗu, sau tara. In ka ga noti ya zauna a karkace, ko sifok yana gantsarewa kafin ya isa, ba gajere ba ne, ramin da ka ba shi ba nasa ba ne. Sau biyu ina kwancewa kafin kaina ya ɗauka. A nan ne ma na gane dalilin da ya sa wilin tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da Norton ba ya hawa cibiyar na Japan: yawancinsu rami 40 ne, namu 36.

Ina zaune da abin a cinya sai na riƙa tuna yawan irin wannan babur. Super Cub, wato dangin baburan Honda da C70 ke cikinsa, ta fito a 1958, da wili mai inci 17, girman da Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin, ya zaɓa don babur ya iya da hanyoyin Japan marasa kwalta na wancan zamani, kuma mai gajeren ƙafa ya taka ƙasa. A 1960 aka buɗe masana'antar Honda ta garin Suzuka saboda ita, zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Kowacce wili biyu. Ni kuwa guda ɗaya ya hana ni barci. Duk roba-robar da ke yawo a titunanmu yau jikokinta ne.

Wajen daidaitawa ban da injin komai. Na kifa cokulan gaba na babur ɗin, na zura wili, na ɗaure guntun waya tana kusan shafar baki, alli a hannu. Baba ya hana ni taɓa lilon gefe sai na gama da tsallen sama da ƙasa. Inda wili ya yi tudu, ka ɗaure sifok na ɓangarorin biyu. Inda ya karkata dama, ka sassauta na dama, ka ja na hagu. Rubu'in juyi kawai, ba ƙari. Ni da zafin hannu na riƙa ba shi juyi guda, in gyara nan can ya ɓaci, kamar mai facin tsohuwar riga.

Littafin Honda ya yarda da lilo har milimita 2. Na tsaya a kusan ɗaya. Akwai ɗan tsalle daidai inda aka yi wa wilin walda a masana'anta, na ɓata yamma guda ina binsa kafin Baba ya ce in bar shi, da shi aka haife shi.

Gwajinsa na ƙarshe ya fi burge ni. Ya ɗauki sifana yana ƙwanƙwasa sifok ɗaya bayan ɗaya, kunne a kusa. Mai ƙarfi yana ƙara tas, sakakke yana amsawa dum. Ya tsinci uku da ma'aunina bai nuna ba.

Na goge kawunan sifok da suka leƙo da magagari don kada su huda tib, na naɗe wurin da robar tsohon tib. Wilin baya yana jingine a bango, sifok ɗinsa cif. Na ɗauke shi hoto ta fuska huɗu, awon kuma na rubuta shi da alli a ƙofar shago. Asabar in Allah Ya kai mu zan sa filaya.