Inda ido ke tsayawa kafin a saki sanda a teburin sinuka

Saitin sinuka tun mutum yana tsaye ake gama shi. Wannan nake fara gaya wa duk wanda ya ce in duba masa wasansa, ko a teburan Mabera ne ko na Runjin Sambo, domin akasarin 'yan wasanmu na Sakkwato sai sun duƙa, haɓa ta sauka kan sanda, sannan su fara neman inda za su buga. A lokacin ƙafa ta riga ta kafu a inda bai dace ba, sai ka ga mutum yana karkata sanda ko yana murɗa kafaɗa don ya cimma layin da jikinsa ba ya kai. Da wuya irin wannan bugun ya shiga, in ma ya shiga to faɗin rami ne ya rufa asiri.

Ni yadda nake yi, nakan fara tsayawa bayan ƙwallon da nake son jefawa, a ce ja ce, in ja layi da ido daga tsakiyar rami ya ratsa tsakiyarta ya fito ta baya. Inda layin ya fito, nan ne fara, wato farar ƙwallon da ake bugu da sanda, za ta taɓa. To amma a nan mutane da yawa ke ruɗewa: wurin taɓawa daban, wurin da ake saita sanda daban. Faɗin ƙwallon sinuka milimita 52.5 ne, don haka a lokacin haɗuwa tsakiyar fara tana bayan wurin taɓawar da kimanin milimita 26. Idan bugun miƙaƙƙe ne, wuraren biyu suna kan layi ɗaya, babu damuwa. Idan kuwa yanka ne, wato fara za ta bugi ja ta gefe, ka saita tsakiyar fara kan wurin taɓawa, za ka cika ja fiye da kima kullum, wato bugun ya matsa kusa da tsakiyarta fiye da yadda ya kamata, ta je ta bugi gefen rami. Abin yi shi ne ka ƙaddara a ranka wata ƙwallon tana manne da ja a kan layin ramin, ka tura fara ta je ta zauna a mazauninta.

Akwai kusurwa uku da ya kamata ido ya haddace. Idan ka saita tsakiyar fara daidai gefen ja, wato rabi ya rufe rabi, ja za ta kauce da digiri 30 daga layin da fara ta biyo. Idan fara ta rufe kashi uku cikin huɗu na ja, kaucewar digiri 14 da ɗoriya ce. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ta rufe, kusan digiri 49. Da waɗannan ake kwatanta sauran bugun. Lissafin ba ya canjawa ko a ƙananan teburan da suka fi yawa a unguwanninmu masu manyan ƙwallaye, tunda gwargwadon rufewa ake dubawa. Na rabi ya fi sauƙin koyo domin gefen ƙwallo abu ne da ido ke gani zahiri, da shi nake ba kowa shawara ya fara.

Da zarar na ga layin, sai in koma bayan fara, in aza ƙafar dama a kansa tunda da hannun dama nake bugu, in sauko a hankali idona na kan ja. Saukowar nan tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Kai ya sauko a miƙe kan layin, kada ya shigo daga gefe. Mai saukowa yana kallon ƙasa ko yana kallon fara ya saki layin da ya sha wahalar nema.

Bayan hannun gaba ya zauna a kan kyalle, tazararsa da fara kamar santimita 20 zuwa 25, nan aikin ido na gaske ke farawa. Kallon farko na fara ne: kan sanda yana daidai inda nake son bugu, ko ya ɗan kauce? Daga nan in fara lilo da sanda, gaba da baya, sau uku ko huɗu, ido na kai da komowa tsakanin fara da ja. Ƙwayar ido kaɗai ke wannan tafiya, kai ba ya motsi ko kaɗan. A lilon ƙarshe in tsayar da kan sanda dab da fara, in yi mata kallon sallama. Sai in ja sanda baya sannu a hankali, a cikin jan nan ido ya tashi daga fara ya sauka kan wurin da na zaɓa a jikin ja. In ɗan dakata a baya har hoton ya daidaita, kamar daƙiƙa ɗaya, sannan in saki. Ido yana nan kan ja har fara ta iso, sanda ta wuce inda fara take da ɗan tazara, kai yana duƙe har a ji ƙarar faɗawa.

Dalilin dakatawar nan a bayyane yake ga duk wanda ya gwada. Fara tana gaban hancinka, ja kuwa tana iya nisan mita 2 ko fiye, tunda filin cikakken tebur ya haura mita uku da rabi. Ido yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya sauya daga kusa zuwa nesa. Wanda ya saki sanda idonsa na cikin tafiya, ya buga ne bai ga komai sosai ba. Joan Vickers, mai bincike a Jami'ar Calgary ta Kanada, ta nuna tun 1996 cewa ƙwararrun 'yan wasa kan tsayar da ido wuri ɗaya na tsawon lokaci kafin motsin ƙarshe fiye da waɗanda ba su kai su ba. Abin da muke gani a tebur ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne ido ya tsallake zuwa rami tun fara ba ta isa ja ba. Hannu yana bin ido, kamar yadda babur ke bin inda mai tuƙi ya kalla, sai sanda ta karkata wajen ramin a daidai lokacin bugu. Dattawan tebur da sun ga haka sai ka ji sun ce, "Yaro, mi kaka kallo? Rami ba shi gudu." Gaskiyarsu. Kuma ɓarnar ba ƙarama ba ce. A miƙaƙƙen bugu, idan fara ta kauce da milimita 1 kacal a wurin haɗuwa, ja za ta kauce da kusan santimita 2 bayan tafiyar mita ɗaya, kusan 4 bayan mita biyu. Bakin ramin kusurwa a cikakken tebur bai kai faɗin ƙwallo biyu ba, to ina sararin yake?

Akwai inda nake saɓa wa wannan tsari. Idan fara ta manne da gefen tebur, ko wata ƙwallon ta tare hanya dole a ɗaga gindin sanda, kallona na ƙarshe a kan fara yake, domin a nan zamewar kan sanda ta fi kuskuren kusurwa hatsari. Akwai ma gwanaye da ke kallon fara a ƙarshe a kowane bugu kuma suna cin wasa. Ban ce sun yi laifi ba, amma mai koyo ya riƙe tsari ɗaya ya bi shi a bugu mai sauƙi da mai wuya.

Sai batun wane ido ke jagora. Ba kowa ne tsakiyar haɓarsa ke ba shi miƙaƙƙen gani ba. Joe Davis, wanda ya ci gasar duniya sau 15 daga 1927 zuwa 1946, idonsa na dama ba shi da ƙarfi, don haka ta ƙarƙashin na hagu yake aza sanda. Gwajin farko mai sauƙi ne: ajiye alli a can ƙarshen tebur, nuna shi da yatsa idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsa a kan allin shi ne jagora. Amma hukunci na gaske a tebur yake. Aza fara a mazaunin ƙwallo mai ruwan ƙasa, ka buga ta a tsakiya ta bi ta mazaunin shuɗiya da ruwan hoda da baƙa, ta bugi bangon tebur ta dawo, kai kuma kada ka janye sanda. In ta dawo ta taɓa kan sandarka, ganinka da bugunka sun yi daidai. In kullum dama take dawowa, to gefen dama na fara kake bugu alhali idonka na ce maka tsakiya ce. Matsar da haɓa kaɗan kaɗan, milimita biyu ko uku, ka sake, har ka sami wurin da abin da kake gani ya dace da abin da ke faruwa. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gaba, daidai kan layin sanda, za ka ga inda take a ƙarƙashin fuskarka. A fara tabbatar da cewa teburin a daidaice yake, don wasu teburan namu gangara gare su.

Mai tabarau yana da tasa matsalar: in ya duƙa, ta saman gilashin yake leƙen ja. Shi ya sa Dennis Taylor ya sa manyan tabarau masu hawa har goshi, da su ya doke Steve Davis a ƙwallon ƙarshe ta gasar duniya ta 1985 a Sheffield. Mai irin wannan damuwa ya nemi firam mai tsawo sama, ko ya ɗan rage duƙawa.

Yanayinmu ma yana shiga cikin saiti. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta a jikin ƙwallaye, sai su riƙe juna na ɗan lokaci in sun haɗu, fara ta tafi da ja zuwa inda ita ta dosa. Ya fi tsanani a bugu mai laushi kusa da rabi, sakamakon ya zama kamar ka cika ƙwallon alhali saitinka daidai ne. A goge ƙwallaye da busasshen tsumma kafin kowane wasa, a rufe tebur in an tashi, a bugu mai laushi kuma a ƙara yanka kaɗan. Da bazara gumi ke sa sanda ta riƙa cijewa a hannun gaba, ido ya koma can maimakon ja. Wanke hannu da goge sanda sun fi zuba hoda, wadda ke ɓata kyalle. Fitila kuwa, ƙwai ɗaya da aka rataye a gefe yana jefa inuwa a ɓangare ɗaya na ƙwallo, gefenta ya ɓace wa ido, bugun rabi ya lalace. Masu tebur su jera ƙwai biyu ko uku bisa tsakiyar tebur daga wannan kai zuwa wancan, da murfi a samansu don kada hasken ya shiga idon wanda ya duƙa.