Dakakken gishirin Makedoniya a turmin Garwa

Ɗan yayata da ke karatu a Skopje, babban birnin Makedoniya ta Arewa, ya kawo mini tsarabar wani garin yaji mai launin ƙasa-ƙasa a ƙaramar kwalba. Mutanen can suna kiransa k'cana sol, wato dakakken gishiri, kuma sukan barbaɗa shi a kan burodin da aka shafa wa mai, ko a kan cuku da dafaffen dankalin turawa. Da na ɗanɗana sai na ji ƙamshin soyayyiyar masara ya rinjayi komai, kamar yadda ƙuli-ƙuli yake riƙe yajin tsire a wurinmu. Kafin kwalbar ta ƙare na ƙudurta cewa sai na haɗa nawa.

Kusan duk abin da ake buƙata yana nan a babbar kasuwar birnin Garwa da ke arewacin Kamaru: busasshiyar masara, gishiri, busasshen tattasai, barkono, na'a-na'a da 'ya'yan kabewa. Barkonon da ya fi suna a Makedoniya shi ne na Bukovo, wani ƙauye kusa da birnin Bitola, inda ake busar da shi a farfasa shi, amma tattasanmu da ya sha ranar watan Maris ya ishe ni, idan na haɗa shi da ɗan barkono don zafi. A madadin ganyayen ƙamshi na tsaunukansu na sa ɗaɗɗoya, wadda na shanya a inuwa tare da na'a-na'ar, domin rana tana ƙwace musu launi da ƙamshi.

Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan suyar masarar. A karon farko na ɗora kasko a kan garwashi mai ƙarfi, sai bayan ƙwayar ya ƙone alhali cikinta bai nuna ba, garin kuma ya fito da ɗacin da gishiri bai iya rufewa ba. Na zubar da shi, raina bai so ba. Yanzu nakan jira gawayi ya lafa har toka ta fara rufe shi, sannan na zuba masara kofi 2 babu mai ko kaɗan, ina juyawa ba tsayawa na kusan minti 20, har ta yi ja kamar soyayyiyar gyaɗa, kuma idan na tauna ƙwaya ɗaya ta farfashe a haƙori ba tare da ƙarnin ɗanyen gari ba. 'Ya'yan kabewa rabin kofi ana soya su daban, saboda sun fi saurin ƙonewa. Tattasai kuwa ɗumama shi kawai ake yi bayan an sauke kaskon daga wuta. Da zarar ya yi baƙi ya lalace.

Sai komai ya huce nake fara daka. Masara ce ke fara shiga turmi, na tankaɗe ta da rariya, na mayar da tsakin na sake dakawa, sannan sauran kayan su biyo tare da gishiri rabin kofi, wanda yake taimakawa wajen murƙushe ganyen. Na taɓa kai shi injin niƙa, ya dawo da laushi kamar garin tuwo, ga warin hatsin da aka niƙa kafin nawa. A ganina turmi ya fi, domin yana barin ɗan tsaki-tsakin da ake ji a baki.

Nakan adana shi a kwalba mai murfi, nesa da murhu, kuma da damina kaɗan nake haɗawa saboda gishiri yana jan laima ya dunƙule. Da safe yara suna dangwala burodi a man gyaɗa sannan a garin, maigidan kuma ya fi son sa a kan dafaffen ƙwai da gasasshen kifin Binuwai.