Littafin da muke rubutawa mu huɗu a kan shirya manhaja da zane

Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗalibi a LabVIEW, inda ake shirya manhaja da zanen akwatuna da wayoyin da ke haɗa su, ya san abin da zan faɗa. Wayoyi sun hau kan juna, akwatuna sun cika allo, sai ka yi ta jan shafi dama da hagu kafin ka gano inda aikin ya soma. Kuma yana aiki fa, shi ya sa ba ka da bakin cewa yaron bai yi ƙoƙari ba. Amma ranar da aka ce ya ƙara maɓalli ɗaya tak, ranar komai yake wargajewa. Wannan ne ya sa mu huɗu a nan Kaduna muka ɗaura aniyar rubuta littafi da Hausa a kan tsare-tsaren da ake bi wajen gina irin wannan manhaja: ni, da wani malami da ke koyar da lantarki, da wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da injuna a masaƙun Kakuri, da wata injiniya mai harkar sola a Barnawa.

Ga wanda bai saba ba, LabVIEW manhaja ce da kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986. A cikinta ba a rubuta umarni layi bayan layi. Zana akwatuna ake yi a haɗa su da wayoyi, kuma akwati ba ya motsi sai duk bayanan da yake jira sun iso masa. Saboda haka akwatuna biyu da babu waya a tsakaninsu suna iya aiki a lokaci guda. Nan ƙarfinta yake, nan kuma sabon shiga yake faɗawa rami.

Tattara tsare-tsare a littafi ba mu muka fara ba. Christopher Alexander, masanin gine-gine, ya fitar da A Pattern Language a 1977 da tsari 253 na gina gida da gari. Masu manhaja suka ari tunanin, har a 1994 mutum huɗu, Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, suka fitar da Design Patterns mai tsari 23. Idan ina yi wa ɗalibai bayani, zaure nake kawo musu. Matsalar guda ce a kowane gida: yadda za a karɓi baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba. Kowane magini da irin zaurensa, wani faffaɗa wani ƙarami, amma da ka gani ka san zaure ne, ka kuma san abin da ya sa aka yi shi.

Da farko malamin ya so mu ɗauko 23 ɗin nan mu zana su ɗaya bayan ɗaya. Ban yarda ba, har yanzu kuma ina kan bakata. An rubuta su ne don harsunan shirya manhaja da rubutu irin C++ da Smalltalk, damuwarsu daban. Mai zane a LabVIEW abin da ke hana shi barci shi ne lokaci: wa ya riga wa, wa yake jiran wa, me zai faru idan an danna tsayawa ana tsakiyar aiki. Sai muka ɗauki wata tsohuwar ƙa'ida ta masu wannan fanni, cewa ba a kiran abu tsari sai an gan shi ya yi aiki a wurare uku dabam-dabam. Wannan ƙa'idar ce ta sa littafin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da na maimaita a aikina sau goma yana iya zama ɗabi'ata ce kawai. Sai na ji dattijon ya ce haka suke yi a masana'anta, injiniyar ta ce ita ma haka, sannan mu buɗe masa babi.

Babin da ya fi cin mana lokaci daga shagonta ya fito. Tana gwada batiran sola: a auna ƙarfin wuta kowane daƙiƙa, a nuna a allo, a rubuta a fayil. Yaron shagonta ya zuba duka ukun a zagaye ɗaya, wato sashen zane guda da ke ta maimaita aikinsa. Duk sa'ad da rubutu a fayil ya ɗan yi nauyi, awo ya makara, jadawalin ya fito da giɓi. Maganin sananne ne: zagaye biyu, ɗaya yana awo yana jefa sakamako a layi, ɗayan yana ɗauka daga layin yana rubutawa a natse. Wannan kowa zai iya zana shi cikin minti biyar. Inda muka daɗe shi ne tsayarwa. Da yawa suna rushe layin ne don zagaye na biyu ya ga kuskure ya tsaya, to amma duk awon da ya rage a cikin layin ya tafi ke nan. Muka rubuta cewa a tura saƙon tsayawa ta cikin layin, ya bi bayan sauran, sai an gama rubuta komai sannan a rufe fayil. Dattijon ya saurare mu har muka gama, ya ce, «To 'ya'yana, idan aka ɗauke wuta fa, wa zai tura saƙon?» Tambayar nan ta ƙara mana shafi biyu a kan tilasta wa manhaja ta riƙa sauke abin da ta riƙe zuwa faifai a kai a kai. Ba na jin wanda bai zauna inda wuta ke zuwa tana tafiya ba zai sa wannan a gaba yadda muka sa.

Shi kansa rubutun haɗin gwiwar yana da nasa wahalar. Kalmomi muna ajiye su a GitHub, shafin intanet na ajiye aikin haɗin gwiwa, kowa ya gyara a haɗa ba matsala. Zane kuwa ba ya haɗuwa cikin sauƙi, don haka zane ɗaya mutum ɗaya ke riƙe da shi har ya sake. Mun kuma tsaya a kan fitowar LabVIEW guda, domin abin da aka ajiye a sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa. Akwai wata dabara mai kyau ta fitar da zane a matsayin hoton PNG da aikin ke ɓoye a cikinsa, ka jawo shi cikin manhajar ya koma akwatuna masu rai. Idan za mu tura wa juna a WhatsApp, a matsayin fayil muke turawa, don idan ya tafi a matsayin hoto zanen kawai ke isowa.

Yanzu muna kan babin ma'ajiyar da kowane sashe ke iya karantawa ya kuma rubuta a cikinta. Malamin yana so mu hana amfani da ita gaba ɗaya, domin sassa biyu suna iya rubutu a lokaci guda ɗaya ya goge na ɗaya, kuma irin wannan kuskuren ba ya fitowa kullum balle a kama shi. Ni ina ganin hani ba zai hana ɗalibi ba. Gara mu nuna masa yadda ake killace ta a cikin ƙaramin akwati guda da ba ya karɓar kira biyu a tare, karatu da gyara da rubutu duk su faru a cikinsa. Injiniyar ta ce za ta kawo ayyukanta biyu da ta yi hakan, saura na uku muke nema kafin zaman Asabar.