Tarihin Rayuwata, kashi na 14: ranar da na sa fuskata cikin ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya ne a inda likita ya ɗaga hoton gwiwata ya duba, yace Malam ka jingine keken nan na wata 3 tukunna mu gani, to yau daga nan zan ɗora.

Wanda bai sanni ba zai ce to meye a ciki, keke ne fa. Amma ni shekara 9 kenan ban san wata safiya ba sai ta kan sirdi, ana sallame asuba zan fito daga gida nan Katsina wajen Ƙofar Marusa in hau titi tun gari bai gama wayewa ba, da can hanyar Jibiya muke bi ni da abokan hawana har matsalar tsaro ta sa muka haƙura da ita muka koma hanyar Daura, ranar Asabar in jiki ya yi daɗi sai mu wuce Mashi mu dangana da Daura, kusan kilomita 80, mu sha fura mu huta mu juyo. Da keken nan na rage tumbi, da shi hawan jinina ya daidaita, kuma duk damuwar da na kwana da ita a kan feda nake sauke ta. Sai gashi rana ɗaya ance in zamna.

Sati biyu na yi a gida, uwargida da kanta tace Baban yara wannan zaman naka ba lafiya ba ne, abu kaɗan ka yi faɗa, barcin ma ba ka yi. Da na koma wajen mai gashin ƙashi na faɗa mashi gaskiya, sai yace to ka iya iyo? Yace ruwa shi ke ɗauke nauyin mutum, in ka tsaya ruwa ya kawo maka ƙirji mafi yawan nauyinka ba gwiwa ke ɗauke da shi ba, zuciya da huhu za su yi aikinsu ita kuma gwiwar ta samu hutu. Nace mashi zan yi tunani. Ban faɗa mashi dalilin da ya sa jikina ya yi sanyi ba, amma ku zan faɗa maku.

Ina ɗan shekara 10, akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, irin ramin nan da ake haƙar ƙasar gini, damina na sauka ya cika ya batse. Kullum in an taso makarantar allo yara can suke nufa. Wata ranar Alhamis muka je ni da abokina, wanda tabarmarmu ɗaya a makaranta, ba zan faɗi sunanshi ba dan 'yan gidansu suna nan da rai, ni na tsaya a baki ina riƙe mashi riga shi kuma ya shiga, kuma ina kallo ƙasa ta zame mashi a wurin da ramin ya yi zurfi. Bai yi ihu ba, abin da har yau mutane ba su yarda in na faɗa kenan, wanda ruwa ke ci ba ya samun bakin ihu, hannu kawai na gani sau biyu. Sai bayan la'asar manya suka fiddo shi. Allah ya jiƙanshi. A daren nan Inna ta riƙe kunnena tace in yi mata alkawari ni da ruwa sai na alwala da wanka, na yi mata, kuma shekara 31 ban saɓa ba.

Shi ya sa kafin in je ko'ina gidan Inna na fara zuwa. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta na yi mata bayanin gwiwa da abin da aka ce. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ita ba ta kiran sunana tunda ni ne ɗan fari, sai tace kai ɗan nan, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne. Nace Inna na sani, amma wannan ba kududdufi ba ne, gini ne da siminti ana ganin ƙasanshi, akwai inda iyakarshi ƙugu, kuma akwai mai tsaro a tsaye. Tace da mutum a kanka? Nace da mutum a kaina. Tace to na sake ka, Allah ya tsare, amma duk ranar da ka shiga ka kira ni in ka fito. Har yau ina kiranta.

Wani abokin hawana yace me zai sa in biya kuɗi a otal ga dam ɗin Ajiwa nan kusa kyauta. Wannan shawara dan Allah kar wanda ya ɗauka. Banda zurfi da laka, ruwan da ke kwance irin na dam da kududdufi shi ne gidan tsargiya, ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma ta fito ta shiga ta fatar mutum ba sai ya sha ruwan ba, mu da muka taso muna ganin yara suna fitsarin jini ana cewa wai alamar balaga ce mun san abin. Na gwammace in biya in shiga ruwan da ake sa ma kulorin.

Sai na samu wani otal a cikin gari mai kwamin iyo, wanda yara ke ce ma suwimin ful. Asabar da Lahadi ba ya shiguwa, samari ne da kiɗa, dan haka na roƙi a barni in riƙa zuwa ƙarfe 7 na safe Litinin da Laraba da Juma'a kafin in wuce aiki. Na sa tela ya ɗinka min wando mai rufe cibiya zuwa ƙasan gwiwa, na sayi tabarau na ruwa. Mai tsaron wurin wani saurayi ne ɗan Yawuri, ɗan gidan masunta, a bakin kogin Neja ya tashi, na girme shi da kusan shekara 15 amma tun ranar farko nake ce mashi Malam dan ya cancanta, shi kuma yana ce min Yallaɓai.

Na shiga da tunanin cewa mutumin da ke kai Daura ya dawo ai numfashi ba zai zama matsalarshi ba. Wallahi ko mita 10 ban yi ba na miƙe tsaye ina haki, ƙirjina kaman an ɗaure da igiya, zuciya na bugawa fiye da yadda take yi in ina hawan tudu da iska a gaba. Malam yana bakin kwami yana kallo, yace Yallaɓai ƙarfi kana da shi, amma kana faɗa da ruwan ne, kuma kai ba ka fitar da numfashi, riƙe shi kake. A kan keke iska kyauta ce, duk sanda ka so ka ja, a ruwa kuwa sai an ba ka lokaci, kuma lokacin ɗan kaɗan ne, in ka juyo da baki sama kana son ka fitar da tsohuwar iska sannan ka ja sabuwa duk a lokaci ɗaya ba zai ishe ka ba. Dole fitarwar a cikin ruwa za ka yi ta. Daga baya na fahimci wannan matsuwar da mutum ke ji yawanci ba ƙarewar iska mai kyau ba ce, gurɓatacciyar da jiki ya gama aiki da ita ce ke taruwa, ita ke tada hankali.

To fitar da numfashi cikin ruwa yana nufin ka sa fuskarka ciki. Nan ne aikin yake.

Yace in riƙe bakin kwami, ruwa iya ƙirji, in sunkuya in hura ta hanci kaman mai gunji. Na sunkuya, ruwa na taɓa idona na ga hannun nan. Na ɗago da sauri har na sha ruwa. Sau uku ana haka, sai Malam ya sauko ciki ya tsaya kusa da ni yace Yallaɓai wani abu ya taɓa faruwa ko? Na ba shi labari a tsaye cikin ruwa, abin da ko uwargida ban taɓa ba ta shi dalla-dalla ba. Bai yi min wa'azi ba, cewa kawai ya yi su ma a gidansu ruwa ya ci mutum biyu, kuma babansu bai hana su kogi ba, koya masu ya yi. Yace yau ba iyo, haɓa kawai za mu sa. Ranar haɓa muka sa. Laraba baki. Juma'a hanci. Sati biyu cur ban yi komai ba sai tsayuwa ina hura kumfa ina ƙirga 1 zuwa 5, kuma ban ji kunyar hakan ba ko kaɗan, dan ni na san abin da nake ɗagawa.

Bayan nan sai matsalar 'yan keke ta fito. Ƙafafuna nutsewa suke, dan cinyar mai keke nama ne mai nauyi, ga idon sawu ya sandare saboda shekaru ana danna feda, ga shi kuma ƙafar da kanta take son ta yi zagayen nan na tuƙi, gwiwa ta lanƙwashe ta turo ruwa gaba maimakon baya. Malam ya ba ni allon soso in riƙe, yace bugun daga ƙugu yake fitowa, ƙanana da sauri, ka saki sawu kaman jelar kifi. Ya kuma nuna min cewa jiki a ruwa kaman sikeli ne, ka ɗaga kai ƙafa ta yi ƙasa, ka kalli ƙasan kwami ƙugu ya taso. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa ɗan karkacewar da ba za ka ji ta a kan keke ba a nan tsayar da kai take cak. Abin ya tuna min yadda muke kwantawa a kan kan keke in iskar hunturu ta taso daga gabas, ashe darasi ɗaya ne. Iyon kwaɗo kuwa mai gashin ƙashi ya hana ni tun farko, yace wannan buɗe ƙafa da harbawar cikin gwiwa take murɗawa, dan haka na gaba kawai nake yi, wani lokaci in matse soso tsakanin cinyoyi in bar hannu ya yi aiki. Kafaɗa da baya suka yi ta ciwo, wuraren da shekara 9 ban san suna barci ba, amma gwiwa shiru, ko ɗan zugin nan na dare ya ragu.

Ranar Laraba ta sati na 6 Malam yace yau za ka tsallake, ni zan bi ka ta baki. Nace har wurin zurfin? Yace har can. Na yi bisimilla na tura bango da ƙafa, hannu uku in juya in ja iska, hannu uku in juya, ina jin kumfa na fita ta hancina, na ga layin tayil ɗin ƙasa ya fara nisa da ni na san na shigo inda ƙafa ba ta kaiwa, zuciya ta ce tsaya, na ci gaba da hurawa dai ina ƙirga, sai kawai yatsuna suka taɓa bango. Na riƙe bakin kwami na kifa goshi a kai na daɗe a haka, Malam ya zo ya tsuguna bai ce komai ba.

Ko jiki ban gama gogewa ba na kira Inna nace na fito, kuma yau na tsallake daga wannan baki zuwa wancan. Ta yi shiru har na zata layin ya yanke, sai na ji tace Allah ya jiƙan yaron nan, da ya samu mai koya mashi. Shekara 31 ban taɓa jin ta ambace shi ba.

Da daddare ina ba yara labari sai babbar ɗiyata mai shekara 10 tace Baba ni ma ina so. Uwargida ta kalle ni na kalle ta. Yadda muka kwashe da wannan magana, da kuma abin da likita yace ranar da wata 3 suka cika na koma da gwiwa, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.