Murjani Na Koɗewa, Wutar Sola Na Jiran Layi

Murjani dabba ce ta cikin teku, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta ƙwarai, ita ke ba shi launi, ita kuma ke sarrafa hasken rana ta samar masa da mafi yawan abincinsa. Da zarar ruwan teku ya ɗara zafin da ya saba kaiwa a watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal, ya kuma zauna a haka har mako huɗu ko fiye, sai murjanin ya fitar da gansakukar daga jikinsa, ya koɗe ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta fara cinsa. In ruwa ya huce da wuri ya farfaɗo, in bai huce ba sai ƙashi kawai ya rage. Ko jinsin da ya fi saurin girma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya dawo yadda yake. To, babban tudun murjani na gabar Ostireliya ya koɗe a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ku dubi tazarar da kyau, ina sararin farfaɗowa?

Rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya fitar a 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da yadda zafi yake kafin zamanin masana'antu, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjani. Idan ta kai digiri 2, fiye da kashi 99. Kunkurun teku kuma tasa matsalar a cikin yashi take. Zafin ramin da aka binne ƙwai shi ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace, kuma da an haura wajen digiri 29 mata ke rinjaye. Wani bincike na 2018 a arewacin wancan tudun murjani na Ostireliya ya tarar fiye da kashi 99 na ƙananan korayen kunkuru mata ne.

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon a sararin sama tana wajen kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta wuce 420, galibi daga ƙona kwal da man fetur da gas. Shi ya sa duk mai kishin namun daji da halittun ruwa, ko ya so ko ya ƙi, sai ya shiga maganar wutar lantarki.

A nan ne muke ganin masu fafutuka da yawa na ɓata ƙarfinsu. Har yanzu suna ƙoƙarin gamsar da hukumomi cewa sola na da araha, alhali an wuce wurin. Kuɗin samar da wuta daga manyan gonakin sola ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2023. A taron sauyin yanayi na duniya, COP28, na Dubai a 2023 ƙasashe sun amince a ninka makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska, sau uku kafin 2030. Inda gizo ke saƙar shi ne layin dakon wuta. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a 2023 akwai ayyuka na aƙalla gigawat 3,000 (gigawat ɗaya megawat dubu ne) da ke jiran a jona su da layi. Ana iya kafa gonar sola cikin shekara ɗaya ko biyu, amma babban layi, da neman izini da biyan diyyar filaye, yakan ci shekara goma. Idan aka gina gonar babu isasshen layi, da tsakar rana sai a umarci mai ita ya rage wuta, hasken ya tafi a banza, da magariba kuma a kunna injin gas.

Don haka takardar koken da masu fafutuka za su kai wa hukumomi ta faɗi abu takamaimai. A nemi a buga jerin ayyukan da ke jiran layi a fili, da ranar da kowanne ya shiga. A nemi wa'adin da hukuma za ta amsa buƙatar izini a cikinsa. A nemi duk sabon kwantiragin sola ya zo da batir, domin batirin litiyam mai riƙe wutar awa huɗu ya isa ya kai wutar rana zuwa farkon dare, lokacin da buƙata ta fi yawa. Sannan a nemi doka da za ta ba mai faifan sola a rufin gidansa damar sayar wa layi rarar wutarsa.

A kula da lissafi kuma, don a nan abokan hamayya ke kayar da mutane a muhawara. Gonar sola mai megawat 100 ba ta ba da megawat 100 dare da rana. Idan aka raba a shekara, abin da take bayarwa bai wuce 10 zuwa 25 ba, gwargwadon wurin. Wanda ya ce za ta maye gurbin tashar kwal mai megawat 100 ɗaya bisa ɗaya, ya ba da kansa. Zafi ma yana rage ƙarfin faifai, wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 a kowane digiri sama da 25, shi ya sa ake barin rata tsakaninsa da rufi iska ta riƙa ratsawa.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata mu ɓoye ba: injin iska, wato wanda iska ke juyawa ya samar da wuta, idan aka kafa shi a mugun wuri yana kashe abin da muke son karewa. A mashigin Altamont na Kalifoniya, inda aka jera dubban ƙananan injuna a shekarun 1980 a daidai inda gaggafa ke farauta, an yi asarar tsuntsaye masu yawa. Maganin yana farawa tun kafin a haƙa rami: a yi aƙalla shekara guda ana ƙirga tsuntsaye da jemagu a wurin, a kauce wa hanyar ƙaura da bakin fadama. Jemagu sun fi fita a daren da iska ba ta da ƙarfi, lokacin da injin ma ba ya samar da wutar kirki. Idan aka saita shi kada ya fara juyi sai iska ta kai mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, maimakon 3 zuwa 4, mutuwarsu na raguwa da rabi ko fiye, wutar da aka rasa kuwa kaɗan ce. A tsibirin Smøla na Norway an gwada shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye a injunan ta ragu da kusan kashi 70, ko da yake gwajin ƙarami ne kuma yana buƙatar a maimaita shi a wasu wurare. Waɗannan sharuɗɗa a rubuta su cikin takardar izini tun farko, tare da tilasta wa kamfani ya bar masu bincike masu zaman kansu su riƙa zagaya gindin injunan suna ƙirga gawarwaki, a kuma buga sakamakon duk shekara.